Ranar da Na Gaida Kwamfuta

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba a zamana na sakandare a Rogo shi ne ranar da Malam Sabo, malaminmu na lissafi, ya aro kwamfuta daga Kano, naɗe cikin bargo kamar jaririya. Ya ce zai ɗan koya mana yadda ake rubuta mata umarni, kuma duk wanda ya sa ta fito da sunansa a gilashi, da shi zai tafi kwas Kano lokacin hutu. Ni kuwa ko Karaye ban taɓa wucewa ba.

Yawancin 'yan aji tsoronta suke, wai wutarta tana jan mutum. Ni abin da ya dame ni daban: wa ke ciki yana amsawa? Ina yake kwana? Ina can ina wannan tunani har malam ya gama bayani a allo, ban kama komai ba.

Aka tada janareta, aka ce man kaɗan ne, kowa ya hanzarta. Hadiza, wadda ɗazu take ɓuya a bayan ƙawayenta, ta buga layi ɗaya, sai ga sunanta ya fito. Da ƙyar aka ɗaga ta daga kujerar.

Layi ya zo kaina. To ni kakata ce ta raine ni, kuma a gidanmu ko gishiri ba a roƙa sai an gaisa. Na cire takalmi (wallahi na cire), na lalubo haruffa ɗaya bayan ɗaya: SALAMU ALAIKUM.

Ta maido wani gajeren Turanci.

"Malam, me ta ce?"

"Cewa ta yi ba ta gane ba."

Na ce a raina baƙuwa ce, a yi mata uzuri. Na koma Turanci, na yi mata ina kwana, na tambayi gajiyar hanya. Ina cikin tambayar mutanen gida janareta ya yi tari ya mutu.

Malam ya leƙo tun kafin gilashin ya dushe, ya karanta wa aji da ƙarfi, ya ce, "Kai Ilu, surukarka ce?"

Aji ya kece da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hadiza ta tafi Kano, ni na yi hutuna a gonar gyaɗa, raina a ɓace amma ina ta bitar umarnin da na kwafa daga littafinta, ina rubuta shi da sanda a ƙasa.

Tun daga ranar na gane: wanda ba zai tambaye ka mutanen gida ba, faɗa masa abin da ya kawo ka tun mai bai ƙare ba.