Ƙarar da Na Kai Kan Ganyen Tuffa

Ko na tsufa na ruɗe ba zan taɓa mantawa da ƙarar da na kai Baba Modu ba, wai a kan ganye.

Wani direba ne ya kawo min dashen tuffa mai aure daga Jos, na kafa a lambun babanmu da ke bakin kogi. Na bi majalisa-majalisa ina cika baki, ni ne zan fara cin tuffar Haɗejiya. Shekara huɗu ina ba ta ruwa safe da yamma, taki kuwa har na kaji (ni kaina ban samu wannan gatan a gidanmu ba). Ta yi ganye luf-luf, fure ko ɗaya. Abokai suka sa min Alhaji Ganye.

Rannan na zo na tarar da ita tsirara. Baba Modu, tsohon da lambunsa ke jikin namu, ya tsige ganyen tas, ya lanƙwaso rassan ya rataya musu duwatsu, ya toshe hanyar ruwan. Yana zaune abinsa yana cin goro.

Ban ko gaishe shi ba, sai gidan mai unguwa. Aka kira Baba Modu, jama'a ta taru.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hassada ce. Ya ga zan yi suna."

Baba Modu ya ce, "Ɗan nan, shagwaɓa ta ka yi. A ƙasarsu sanyi ne ke kaɗe mata ganye ta yi barci, in ta farka ta yi fure. Namu sanyin bai kai ba, sai da dabara. Na sha gaya maka kana danna waya."

Ni da bakin nan nawa na ce, "Baba, itace ne ko jariri?"

Aka yi dariya, na ji ni wani lauya. Mai unguwa ya ce a jira wata guda. In ta mutu, mangwaron Baba ya zama nawa. In ta yi fure, in durƙusa a nan inda na yi rashin kunyar.

Bayan sati biyu Baba ya sakar mata ruwa. Ni kuwa har na fara zagaya mangwaron ina kallonsa kamar nawa.

Wata safiya, tun daga nesa na ji ƙugin ƙudan zuma. Sandunan nan da na gama yi wa ta'aziyya sun rufe da fure, fari tas da ɗan ja-ja a baki, ƙamshi ya cika lambun. Masunta suka ɗaure kwalekwale suka hauro kallo. Ban san sanda na cire hula ba. Subhanallahi kawai nake ta maimaitawa.

Na je gidan mai unguwa na durƙusa, na ce, "Baba, ka yafe min."

Ya ce, "Ɗaga murya, ɗan nan, irin ta rannan."

Tun daga lokacin, in na ga tsoho yana ɓarna, sannu da aiki nake ce masa.