Motar da Ta Ƙi Mutuwa a Danja

"…da gajiya, Amarya?"

"Gajiya tana nan daram, Ango. Ka san da ita ka kira ni."

"Ke ko amsa gaisuwa ba ki iya ba? Cewa ake ba gajiya."

"Wanda ya wuni a kan benci shi ke cewa haka. Ina motar?"

Kaka ya nuna da haɓa. Motar tana ƙarƙashin rumfar kwano a gefen gida, an goge ta fes har tana ɗaukar ido. Guntuwa ta zube a kan bencin, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, kuma malamar koyar da tuƙi. Tun safe take zaune a gefen 'yan koyo, tana taka musu birki ta ɓangarenta duk sanda suka nufi kwata ko bayan motar wani, har cinyarta ta yi tsami. Ba abin da take so yanzu irin ta watsa ruwa ta miƙe. Amma Kaka ne ya koya mata mota, tun tana 'yar firit sai an ɗora ta a kan matashin kai kafin ta hango titi. Shi ne ma ya laƙaba mata Guntuwa, kuma ba halinsa ba ne ya dame ta da kiran waya irin na yau.

Motar irin ta zamani ce: in ka tsaya a danja injin ya kashe kansa don tattalin mai, in ka ɗaga ƙafa daga birki ya tashi. Da farko Kaka ya tsani abin. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan manyan motoci, a wurinsa mota ta mutu a tsakiyar titi abin kunya ne. Daga baya kuma ya mai da shi abin taƙama, har yana kwasar abokansa zuwa danja don kawai su ji da kunnensu. To yanzu ta daina mutuwa. Abin da ya fi damun sa kuwa, tun da ya goga ƙofar gida kwanakin baya, mahaifin Guntuwa ya ce da an sake jin wata matsala zai karɓi makullin ya ajiye. Shi ya sa Kaka ya tsallake ɗan ya kira jikar.

"Wato kukanka shi ne motarka ta ƙi mutuwa," in ji Guntuwa. "Ai halinka ta ɗauko. Mun gaji da jira, kai ma ka ƙi."

"Sai na ga furfurarki, ja'ira. Sai na raka ki an sa miki haƙoran roba."

"Naka za ka ara min? Tashi mu je."

Ya tashi a hankali, yana dafa bango kamar mai duba ko fenti ya bushe. Ya shiga mazaunin direba, ya baje rigarsa mai faɗi a kan cinyoyinsa, ita kuma ta zauna a gefe, inda ta wuni.

"Ka taɓa madannin nan? In ka danna shi, kashe tsarin ka yi gaba ɗaya."

"Ban taɓa shi ba tun da aka haife ni."

"Lokacin da aka haife ka ai ko taya ba a ƙera ba."

"Ni na gyara ta. Da mai kusurwa huɗu ce, ni na ce a zagaye ta."

"Allah ya saka. Batir fa? In ya yi rauni motar ba za ta yarda ta kashe kanta ba, tsoro take kar ta kasa tashi."

"Sabo ne fil, irin nata. Bakanike ya ce tsohon ma lafiyarsa ƙalau, na ce ya canza."

"Ya ce lafiyarsa ƙalau, kai ka ce ya canza?"

"Naki ne?"

"Gadona kake ɓarnatarwa."

"Gadonki tsohon batir ɗin. Yana ɗaki, ki ɗauka in za ki tafi."

Ta yi 'yar dariya, amma abin ya tsaya mata a rai. Kaka mutum ne da takalminsa na roba ya sha ɗinki har ba a gane asalin launinsa. Bai taɓa yar da abu mai sauran rai ba.

"Na'urar sanyi fa? In ka ƙure ta, injin ba zai huta ba."

"Ni da sanyi? So kike ƙashina ya daskare ki zama bazawara?"

"Da na huta. Manema suna nan sun yi layi."

"Wane makahon?"

"Ɗaura bel. Buɗe ƙofarka ka sake rufewa da kyau. In ɗayansu bai zauna ba, ba za ta kashe kanta ba."

"Yanzu ni za ki koya wa rufe ƙofa? Na rufe ƙofar tirela da gwiwar hannu ina cin abinci da ɗayan."

Ta fita ta danna bonet da tafin hannu ta tabbatar a rufe yake, ta dawo tana jan ƙafa. Ta ce su ɗan zaga injin ya yi zafi, don mota mai sanyin inji ba ta kashe kanta.

Suka hau titi. Rana ta yi sanyi, ma'aikata sun taso, kowa yana matsa hon kamar shi kaɗai ke da gida. Kaka yana tafiya a gefen dama sannu sannu, har masu keke suna wuce su.

"Ango, hannu biyu a sitiyari. Haka ka koya min."

"Ɗaya ya ishe ni. Ɗayan ya yi ritaya."

"Ga danja can da nisa, kai ka fara tsayawa tun daga nan?"

"Ladabi nake koya mata. Ke da kike isa kamar an biyo ki."

Suka tsaya. Injin ya ci gaba da gurnaninsa. Kaka ya zuba wa allon gabansa ido yana jira, fitila ta ba da hannu, suka wuce. Danja ta gaba ma haka. A ta bayanta har ya yi wa motar magana ƙasa ƙasa, irin yadda ake lallashin yaro ya yi barci.

"Kin ji ko? Ko gezau."

"Wataƙila surutunka ne ya hana ta. Wa zai iya barci kana kusa?"

"Kakarki ta yi, Allah ya jiƙan ta. Har da minshari."

"Suma take yi, ba ka gane ba."

Guntuwa ta lura ƙafarta ta dama tana ta dannar ƙasan motar, inda birkin malami yake a motar makarantarsu. Ta ce a ranta sabo ne kawai, gajiya ce. Ta ce masa ya karya kwana su shiga filin da take koyar da ɗalibai, tunda yanzu an tashi ba kowa.

Filin shiru, sai robobin da ake jerawa don koyon kwana, wasu a tsaye wasu 'yan koyo sun tattake su.

"Sauko in gwada."

"Kin zo da matashin kai?"

"Zan zauna a kan hularka."

Ta ja kujera gaba, ta zaga filin, ta taka birki. Motar ta tsaya cak, injin ya yi tsit. Ta ɗaga ƙafa, ya tashi. Ta sake zagawa ta tsaya, ya sake yin tsit.

"To fa," in ji Kaka. "Fuskarki ta gani ta suma."

"Ko dai ta gane direba."

"Munafukar mota. A gabana ta yi taurin kai, a gaban baƙuwa ta yi ladabi. Shi ke nan ta gyaru, mu tafi gida."

"Ba ta gyaru ba tunda ba ta lalace ba. Dawo mazauninka."

"Magariba ta kusa, Amarya."

"Dawo, Ango."

Ya dawo. Wannan karon ba ta kalli allo ba, ba ta kalli titi ba. Aikinta ya koya mata cewa bakin ɗalibi yana iya cewa ya taka, don haka ƙafa take kallo. Ya zaga, ya fara rage gudu tun daga nesa, motar ta tsaya da ƙyar, tana ɗan jan jiki kamar ba ta gama yanke shawara ba. Injin bai mutu ba.

"Taka sosai. Irin motar nan in an shafa birki sama sama, ɗauka take za ka wuce. Sai ta ji ƙafa ta zauna sannan take kashe kanta."

"Na taka."

"Ɗage rigar nan in gani."

"Ke ba ki da kunya? Tun ba a kai ki ɗaki ba?"

Ba ta yi dariya ba. Ta kama gefen rigar ta janye. Hannunsa na dama, wanda ya ce ya yi ritaya, yana kan gwiwarsa yana danna ta ƙasa da iyakar ƙarfinsa. Ƙafar tana kan birki tana rawa.

Guntuwa ta ɗora hannunta a kan nasa ta danna. Injin ya yi tsit.

Ba ta taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, ga tsoro da ya biyo baya da ta tuna titin da suka ratso yanzu, da masu keke, da yaran da ke tsallakawa a guje. Ta miƙa ɗaya hannun ta mai da giya wurin ajiye mota, sannan ta saki gwiwar.

"Tun yaushe, Kaka?"

Rabon da ta kira shi Kaka har ta manta. Shi ma ya ji, don sai da ya kau da kai ya kalli robobin nan.

"Tun kafin in goga ƙofar gida."

"Ka sani, ka je ka sayi batir?"

"Na ce ko Allah zai sa batir ne." Ya shafa sitiyarin da babban yatsa. "Shi ana canza shi."

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Asibiti ya kamata mu je, ba gareji ba."

"In faɗa wa ubanki? Yaron da na koya wa ɗaura wando ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli? A gaban jikoki?"

"In na rufa maka asiri ka buge ɗan wani fa?"

"Na sani. Kin ɗauka don me na kira ki? Bakanike inji yake kallo. Ke ce mai kallon ƙafa."

Ta zo ne da niyyar ta danna wani madanni ta koma gida ta kwanta, ga shi an ɗora mata abin da ya fi wunin yau nauyi. Ta goge ido da bakin mayafi ta ce ƙura ce.

"Kuka kike? Ashe dai ana so na."

"Batir ɗin nake wa kuka. Sabo fil, an yi asara."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya laluba aljihu ya zaro makullin, da tsohuwar fatar da ke rataye da shi tun zamanin manyan motoci, ta yi baƙi ta yi santsi don shan hannu. Ya jujjuya shi, ya kamo tafinta ya saka.

"Ungo. Kyautar miji ga matarsa. In ubanki ya tambaya, ki ce ba karɓa aka yi ba, ni na bayar. Ki ce na gaji da tuƙa kaina, na ɗauki direba."

"Direba kuma? Da wane albashi?"

"Zama kusa da ni bai ishe ki ba? Mata nawa ke nema."

"Gobe da safe asibiti, a duba ƙafar nan. Wannan ne sharaɗina."

"Direba da sharaɗi. Duniya ta lalace."

Suka sauya wuri. Ya daɗe kafin ya zagayo, yana dafa motar tun daga ƙofa har bonet, ita kuma ta yi kamar tana gyara madubi don kar ta kalle shi. Da ya zauna a gefe sai ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗora su a cinya, ya sauke, ya sake ɗorawa.

"Hannu biyu a sitiyari," in ji shi.

"To, Malam."

"Kin cika gudu. Ba ki ga mai keken can ba?"

"Yana wancan titin, Ango."

"Zai iya zuwa wannan."

Fitila ta yi ja a gabansu. Guntuwa ta taka birki, motar ta tsaya, injin ya yi tsit. Ta saci kallon ƙasa ta ɓangarensa. Ƙafarsa tana miƙe, tana dannar shimfiɗar motar inda babu komai, hannunsa a kan gwiwa.

Ya juyo yana washe baki.

"Kin gani? Ina takawa ta mutu."

Ta yi dariya har ta kifa goshi a kan sitiyari.

"Na yarda, Ango. Kai ka taka."