Azumin da Afdet Ya Ɗora Mini a Maiyama

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a Maiyama ba, ranar da na je gidan mutane na gyara abin da bai lalace ba. Har yau idan na ga ɗigogin nan suna zagaye a fuskar kwamfuta, sai in ji maƙogwarona ya bushe.

Ni ɗan Jega ne, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini kwamfuta. A waya na koya, bidiyo bayan bidiyo, sai kuma ɗan leƙe da nake yi wajen ɗaliban jami'a a Aliero idan laftof ɗin wani ta yi gardama. Abokaina suka sa mini Injiniya. (Da zolaya suka fara, ni kuma na karɓa hannu biyu.) Matsalata ɗaya ce: in na san abu, ba na iya riƙe shi a ciki. Ka tambaye ni inda ake kunna waya, sai na ba ka tarihin batir.

To a lokacin ina neman Kulu, malamar firamare ce a Maiyama. Manyana sun shirya zuwa neman aure, amma mahaifinta, Baba Alhaji, dillalin albasa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya ce kawai shi ne a bari ya ga yaron tukuna. Ni kuwa duk zuwan da nake yi, iyakata ƙofar gida. In na hango shi tafe, sai in durƙusa in ƙura wa takalmina ido har ya wuce.

Kwatsam sai Kulu ta kira ni, wai Baba ya ce in zo in duba masa kwamfuta. Jama'a, ban san lokacin da na goge kaftanina ba. Wannan ai ba gyara ba ne, jarrabawa ce, kuma a fagen da na fi ƙarfi.

Na isa da hantsi, lokacin bazara, makarantu na hutu, zafi kamar ana gasa mutum. Aka shigar da ni zaure. Baba Alhaji na zaune a kan darduma, laftof a gabansa, an jona mata wata 'yar sifika da fulash.

"Kai ne Injiniyan? Zamna, zamna," in ji shi. "Wagga na'ura yayan Kulu ya bar min ita. Karatu nika saurare ciki, in kalli hotunana na Makka. Amma rubutun ya yi ƙanana, idona ba ya kai."

Shi ke nan fa aikin. Na danna nan, na danna can, rubutu ya zama manya. Ya matso ya duba, ya ce, "Madalla! Allah shi yi albarka."

Mai hankali a nan zai yi godiya ya nemi takalminsa. Amma ni sai na ji abin ya yi mini sauri. Tun daga Jega, a ce danna biyu? Ai bai ga komai ba. Sai idona ya sauka kan wata 'yar alama a ƙasa, kwamfuta na neman afdet, wato a sabunta manhajar da ke tafiyar da ita. Da gani ta daɗe tana roƙo babu wanda ya kula ta.

Na ce, "Baba, akwai wani babban aiki da ba a yi mata ba. In na yi shi, gudu za ta riƙa yi kamar sabuwa."

"Ba shi taɓa hotunana?"

"Ko kaɗan, Baba."

Na jona ta da datar wayata, ta sauke abin da za ta sauke, na danna. Fuska ta koma shuɗiya, ɗigogi suka fara zagaye, lamba na hawa da gudu. Baba ya nuna rubutun da ya fito ya ce, "Mi tac ce?"

Na gyara murya. "Cewa ta yi kada a kashe ta. Baba, wannan gargaɗi ne babba. Duk wanda ya kashe kwamfuta a wannan hali, komai na ciki zai iya tafiya. Hotuna, karatu, komai!" (Gaskiyar magana, ba kullum hakan ke faruwa ba. Na ƙara gishiri ne don a san aikin namu akwai haɗari.)

Ya ce, "To, ba a kashewa."

Ana haka sai ga Kulu da tire, kanta a ƙasa. Tuwon shinkafa, miyar kuka da busasshen kifi, ga kwanon fura har da ƙanƙara tana yawo a kai. Ta ajiye a gabana. Baba ya ce, "Bismillah."

Kun dai san yadda abin yake. Ina ni ina buɗe baki in sa loma a gaban wanda nake neman 'yarsa? Na ce na ƙoshi. Ya ce a'a, baƙo ba ya ƙoshi a gidansa. Na sake cewa na ƙoshi. Ya tura mini kwanon da kansa. Na saci kallon kwamfuta, lamba ta wuce rabi, na ce a raina yanzu za ta gama in kama gabana. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Baba, ai azumi nake. Na Alhamis."

Kulu ta ɗago ta yi mini wani kallo. Ita da na kira da safe ina tauna waina a tashar Jega, har tana cewa in haɗiye kafin in yi magana.

Baba kuwa fuskarsa ta washe. "Ma sha Allah! Cikin wanga zahi? Kulu, ɗauke, kar mu shiga hakkinshi."

Tire na fita, lamba ta kai sittin da ɗaya. Ta tsaya.

Da farko ban damu ba. (Ku riƙe wannan, don gaskiya ne: idan afdet ta tsaya, abu na farko shi ne haƙuri. Sau da yawa tana aiki a ciki, lambar ce kawai ba ta motsi. Ku duba 'yar fitilar da ke gefe, in tana ƙiftawa, ku ƙyale ta. Kuma ku tabbata caja na jone.) Na yi wa Baba duk wannan bayani. Fitila na ƙiftawa. Muka zauna.

Aka kira Azahar, muka je masallaci muka dawo. Sittin da ɗaya. Fitilar ma yanzu ta daina ƙiftawa, ta yi tsit. Wayata ta yi ƙara, na duba, saƙon Kulu ne: "Injiniya, Allah ya karɓi ibada. Wainar tasha tana gaishe ka."

Sai ga abokin Baba ya yi sallama, Malam Bawa daga Sarandosa, ya zo maganar albasar da ya kawo. Baba ya sa aka dawo da tiren nan, nawa, har an ƙara wa furar ƙanƙara, aka ajiye masa. A gabana bawan Allahn nan ya cinye tuwona, ya tsotse ƙashin kifi, ya ɗaga kwanon fura. Ina jin ƙarar ƙanƙara tana bugun kwano, ina jin kamar in yi kuka.

"Shi ba ya ci?" in ji Malam Bawa.

"Azumi shikai," in ji Baba, da alfahari. "Ka gani, Bawa? Ga ilimin zamani, ga azumin nafila. Kai rabonka da na Alhamis tun yaushe?"

"Ni ai tsufa ya ba ni hutu. Yaro, ka sa mu addu'a in ka zo buɗa baki."

Na ce, "In sha Allahu," da wata murya kamar ta ɗan akuya.

Na koma bincike a waya. Duk inda na duba maganar ɗaya ce: a cire duk abin da aka jona, don wani lokaci fulash ko sifika ne ke riƙe ta. Na zare fulash, na zare sifika. Muka jira. Sittin da ɗaya. Saura mataki na ƙarshe, a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, a sake kunna ta. Wato daidai abin da na rantse wa Baba cewa shi ke cinye hotuna.

Na kasa faɗa. Na yi ta zama ina shafa gefen laftof kamar mai lallashin jinjiri. Leɓena ya bushe, kaftanin da na goge ya manne a bayana. Daga cikin gida kuma aka fara soya albasar miyar dare, iska na kawo ƙamshin zaure kai tsaye. Baba ya kalle ni da tausayi, ya aika aka sayo dabino, aka zuba a faranti aka ajiye a gefena. "Na buɗa bakinka ne," ya ce. "Yau nan za ka sha ruwa."

Bayan La'asar na ga babu mafita. Na ce, "Baba, sai dai a kashe ta."

Ya ajiye carbinsa. "Ba kai kac ce kar a kashe ba?"

"Ni na ce, Baba."

"Ita ma tac ce kar a kashe."

"Haka ne, Baba. Amma akwai kashewa, akwai kashewa."

Malam Bawa ya ce, "Alhaji, wanga bayani ya hi ƙarhina."

Baba ya ce, "Hotunana dai. Ban da wasu."

Na yi Bismillah na danne maɓalli. Fuska ta yi baƙi ƙirin, na ga kaina a ciki, idanu sun faɗa. Na ɗan jira, na kunna. Ɗigogi suka dawo. Sai wani rubutu ya fito: ba ta iya kammalawa ba, tana warware abin da ta fara, za ta koma yadda take.

Wayyo daɗi! Wannan ne abin da na karanta, ga shi ina gani da idona! Nan take na manta yunwa, na manta ƙishi, na manta a gaban wa nake. Bakina ya buɗe. Na shiga yi musu bayani yadda kwamfuta ke ajiye tsohon tsarinta a gefe kafin ta taɓa komai, yadda wataƙila cikinta ne ya cika da karatu har sabon bai sami wurin zama ba, yadda ya kamata a kwafe hotuna a wani wuri kafin a fara irin wannan aiki. (E, na sani. Kafin a fara.) Ina magana ina nuni da hannu ɗaya, su kuma sun yi tsit suna kallona. Na ce a raina, yau na kama su, bayani ya shige su.

Sai na ji yatsuna suna ƙwaƙular faranti, babu komai a ciki.

Na duba. Farantin dabino ne, fes. A gefen laftof kuma ga ƙwallaye na jera su reras, kamar yadda nake jera ƙananan sukurori idan na kwance waya. Ɗaya ma tana cikin bakina. Rana kuwa tana nan a sama, ko ja ba ta fara yi ba.

Ban san ko in tofar ba, ko in haɗiye. Na zauna da ƙwallo a kunci ina kallon tabarma, ina roƙon ta buɗe in shige.

Baba Alhaji ya yi gyaran murya. "Ba komai, ɗana. Mantuwa ce. Wanda ya ci da mantuwa cikin nafila, azuminshi na nan. Sai ka cika."

Malam Bawa ya leƙo ya kalli layin ƙwallayen tun daga farko har ƙarshe. "Gaskiya ne, Alhaji. Amma ni tunda nike ban taɓa ganin mantuwa mai tsawo haka ba."

Daga bayan ƙofar cikin gida na ji wata dariya da aka toshe da mayafi. Na san mai ita.

Haka na ci gaba da azumin da ban ɗauka ba, ga zaƙin dabino ya ninka mini ƙishi. Kwamfuta ta buɗe, hotunan Makka suna nan, karatu na nan. Baba ya duba ya ce, "To yanzu mi ya canza?"

Na ce, "Babu komai, Baba. Yadda take da safe."

"Alhamdu lillahi. A bar ta hakanan."

Da aka kira Magariba, shi da kansa ya miƙo mini kofin ruwa. Na shanye, ya ƙara, na shanye. Aka kawo tuwo, ya ce in matso, kwano ɗaya. Babu sauran kunyar da zan ji, na riga na ƙarar da ita. Na ci har da neman ƙarin miya. Yana wanke hannu ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Rabin yini dai ka sha wuya, Allah shi ba da ladan haƙuri. Ka ce ma manyanka ina jiransu. Yaron da ya zamna bai gudu ya bar min na'ura a mace ba, ana iya ba shi amana. Sai dai ba ta dabino ba."

Na yi istigfari a mota har Jega, kuma Litinin ɗin da ta biyo na yi azumi na gaske, da sahur da komai. Kulu tana ɗakina yanzu. Laftof ɗin Baba kuwa har yau tana roƙon afdet, kuma ya kafa doka cewa ko kusa da ita kada in zauna.

Abin da na koya, ga shi kyauta. In an ce ka ƙara girman rubutu, ƙara girman rubutu ka tashi. In za ka yi afdet, kwafe kayanka tukuna, cire duk abin da ka jona, kuma ka yi a ɗakinka. In kuma aka kawo maka tuwo a gidan surukai, ka ji kunyarka ka ci abinka, don kwamfuta ba ta san ka yi wa kowa alkawarin tafiya da wuri ba.