Kebul Ɗina da Jami'in da Ya Zo Yanke Shi

Ranar Laraba da hantsi hukuma ta same ni a kan bishiyar mangwaro, ƙafa ɗaya a reshe, ɗaya tana lilo, ga shuɗin kebul a bakina. Mutum ɗan shekara hamsin da huɗu fa, jama'a, mai ciwon gwiwa.

Ga abin da ya kai ni. Shekara uku ke nan da Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo unguwarmu a nan Kitwe ta ƙasar Zambiya, ya yanke ƙyalle a gaban wani farin akwati, ya ce daga yau intanet kyauta, kowa ya sha ya ƙoshi. Aka yi tafi, manya suka ci kaji. Bayan wata guda muka leƙa akwatin, sai ga gidan zanzaro. Allah Ya saka masa, ko ba komai ya samar da muhalli.

Da na gaji da jira na ja nawa layin. Sai aka kira maƙwabciyata Bana Kangwa, wato maman Kangwa, ganawar neman aiki ta bidiyo ranar Alhamis. Ma'aikaciyar jinya ce, shekara biyu tana zaune ba aiki, wayarta kuma ba ta samun sabis sai an hau tankin ruwa. Tsofaffin gidajenmu na ma'aikatan ma'adinai kuwa ko ihu ba ya ratsa bangonsu. Na ce zan ja mata kebul daga suwic ɗina, ɗan akwatin nan mai ramuka takwas da ke raba intanet.

A cikin kebul akwai silin waya takwas, kowane da launinsa, sai ka jera su daidai kafin ka matse kan. Matata ta tsaya a kaina, ta kira ni baban Lombe da yarenmu.

"Bashi Lombe, kai da kake zuwa coci da safa ɗaya baƙa ɗaya ruwan ƙasa, kai ne za ka jera launi takwas?"

Sau huɗu ina jerawa ba daidai ba, ina yankewa. A na biyar ita ta jera, koriyar fitila ta ƙifta. Mun yi yarjejeniya ba za a faɗa wa kowa ba.

Ina saman bishiya zan tsallakar da shi katanga, sai na ji murya daga ƙasa.

"Baba, sauko. Daga Kwamitin Kula da Abubuwan da Ke Rataye nake. Ina takardar izinin ratayawa?"

"Ranka ya daɗe, igiyar shanyar can fa?"

"Ita ba ta ɗauke da bayanai."

Na ce ai bai ga abin da ake shanyawa ba ne. Bai yi dariya ba. Ya ce yanke kebul ɗin zai yi. Bana Kangwa ta fito da muciya a hannu, idonta ya kawo ruwa.

"Ɗana, gobe kaɗai. Ka bar mini shi zuwa gobe."

Ya sosa ƙeya, ya ce shi ma ba zai iya yankewa ba sai ya tura rahoto ofis an amince, kuma ta intanet ake turawa. Ya ɗaga wayarsa gabas, ya ɗaga yamma. Shiru. Ya dubi kebul, ya dube ni.

"Baba... akwai ramin da ba kowa a akwatin naka?"

Na shigar da shi falo, na jona masa kwamfutarsa a rami na shida. Matata ta kawo nshima, tuwon masararmu, da kifi. Da kebul ɗina ya kai ƙarar kebul ɗina, yana loma yana cewa, "Kai, layin nan akwai gudu!"

Na tambaye shi yaushe amsa za ta zo. Ya wanke hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Wata takwas ke nan babu intanet a ofishinmu. Sai an gyara za su ga rahoton."

Alhamis Bana Kangwa ta yi ganawarta, hoto bai tsaya ko sau ɗaya ba, Litinin za ta fara aiki.

Saboda haka, ya ku manyanmu, yau ban zo da ƙorafi ba. An ce kun kafa kwamitin gyaran layin ofishin nan. Don Allah kada ku gajiyar da kanku. Ku bi shi a hankali, yadda kuka saba.