Tusar Jaki a Haɓar Wanzami

Saura wata biyu bikin ƙanena a Dagmanet, wasu ƙananan ƙuraje shafaffu suka fito mini a haɓa. Matata ta ce, "Maigida, ka je likita mana."

Na ce, "Shekara ashirin ina wanzanci, ni za a koya wa fata? Zafi ne kawai."

Kullum safe nakan bi su da aska. Daga uku suka yi layi har kunne.

Dole na je likita, lokotoro ya duba, ya ce, "Tusar jaki ce, ƙwayar cuta ke kawo ta. Askarka ta yaɗa ta." Ya ba ni man shafawa, ya ce sai haƙurin watanni.

Da rawani har hanci na ci bikin.

Fuska ta warke tuni, amma har yau in jaki ya gifta, abokaina sai su ce, "Wanzam, kauce, kar ya ƙara maka!"