Ranar da Na Shafa wa Dutsen Masallaci Verni

Ba zan taɓa mantawa da kunyar da na sha a ƙofar masallacinmu na Treichville ba. Sana'ata shafa verni ce a Adjamé: ƙofa, gado, kabad, duk abin da ka ba ni sai ya yi ƙyalli. Ni ne kuma aka damƙa wa makulli da kula da masallacin, abin da nake tinƙaho da shi ke nan a unguwa.

Gindin bangon dutsen garanit ne, iyayenmu da suka zo daga Nijar suka sa shi. Gab da sallah na ga ya dushe. Ban tambayi kowa ba, na zuba masa verni har shafi biyu (a ganina dutse da katako duk abu ɗaya ne). Jama'a suka yaba, ni kuwa na yi shiru irin na masu aikin lada.

Damina na wucewa sai dutsen ya fara fari-fari, yana ɓarewa kamar ƙaiƙayi. Alhaji Mamman, shugaban kwamiti, ya ce duk wanda ya ɓata dutsen iyayenmu sai ya ajiye makulli. Ya kira 'yarsa Rakiya, wadda ta karanci gyaran tsofaffin gine-gine.

Ina gabansu ina ta baki: "Alhaji, dutsen nan jabu ne tun asali!"

Rakiya ta durƙusa, ta manna ɗan bututun gilashi a bayan bango inda hannuna bai kai ba, ta zuba ruwa. A hankali dutsen ya sha kaɗan. Ta maimaita a gaban bangon inda na shafa, ruwa ya tsaya cak.

"Baba, dutsen lafiyarsa lau," ta ce. "Yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Danshin lagun, tafkin nan mai ruwan gishiri, yana hawowa daga ƙasa da gishirinsa, ta ƙofofin nan yake fita. An toshe su, gishirin ya taru a ciki yana fasa shi." Ta kankare da farce, ta shinshina. "Verni ne. Kuma mai shafawar gwani ne, ko layin buroshi babu."

Wallahi bakina ne ya riga ni: "Ai shafi biyu na yi masa."

Ladan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya miƙo hannu, makulli yake jira.

"Baba, bar masa," in ji Rakiya. "Cirewar na son hannu mai taushi. Tonton, za ka iya?" Da ni take, wato kawu.

Na iya. Ta nuna mini yadda ake ɗaye vernin, a lulluɓe dutsen da laka da jiƙaƙƙiyar takarda su tsotse gishirin. Na daɗe a durƙushe, gwiwoyina har yau ba su yafe mini ba. Ko sau ɗaya yarinyar nan ba ta yi mini dariya ba, Allah ya yi mata albarka.

Makulli na nan a aljihuna. Dutsen ya koma dushi-dushinsa, kuma kullum na wuce sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Sai in cusa shi a aljihu, in shige salla.