Ranar da Na Share Hamada

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na share hamada ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. (Jikata Ilham ce ke rubutawa, ni ban yi boko ba. Rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini.)

Bayan na fita takabar Alhaji, Allah Ya jiƙansa, kullum ina zaune a ɗakina nan garin Greensboro na Amurka ina kuka. Har yanzu ma ina yi. Ɗana Sani ya ce, "Mama, iska za ki canza." Ya ɗauke ni da Ilham muka nufi wani gandun dajin gwamnati can yamma, hamada tsura, ba gida ba shago, waya ma ba ta kamawa. Muka kafa tanti.

Da sassafe za su hau dutse kafin rana ta yi zafi. Sani ya dafa babbar jarka ya ce, "Mama, ruwanmu ke nan gaba ɗaya." Na ce to. A raina na ce yaro dai, Amurka ce fa, ina za a rasa famfo?

Suna tafiya na dubi bakin tanti, duk tsakuwa da ƙaya. Tun ina amarya ban taɓa barin ƙofar Alhaji haka ba. Na zaro tsintsiyata (a shagon 'yan Afirka na titin Gate City na saye ta, kuma a ɓoye na sa ta cikin kaya). Na yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, na share tas. Ƙasa ta shanye, na ƙara. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna mini gidanmu na Zinder, ina yayyafi ina hawaye. Na wanke tukwane, na wanke zannuwana. Da na ɗaga jarka sai ta taso kamar ƙwarya.

Na zaga neman famfo. Duwatsu kawai.

Rana ta take sai ga Sani ɗauke da Ilham a baya. Ruwan gorunansu ya ƙare, leɓenta ya bushe, kanta na lilo.

"Mama, ruwa! Maza!"

Na tsaya riƙe da tsintsiya.

Ya girgiza jarka. Ya dubi zannuwa a kan igiya, ya dubi filin da na share, ya dube ni. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Mama... hamada kika yi wa wanka?"

Ɗan ruwan alwalar da ya rage a buta shi muka ɗura mata. Na fizgo zane mai danshi na lulluɓe ta, muka faɗa mota. Hanya duk rami, ba ƙarewa. Ina riƙe da kanta ina cewa, "Ya Allah, Ka ɗauki Alhaji na haƙura, kar Ka ɗauki wannan ta hannuna." Ina kiran sunanta, tana amsawa da ƙyar, da Turanci.

A ofishin masu gadin gandun wata Baturiya ta kwantar da ita a sanyi, tana ba ta ruwa kaɗan-kaɗan har idonta ya washe. Sannan ta tambayi ko jarkar ce ta fashe. Sani ya fassara mini, ya dube ni, wai ni in amsa.

Na ce, "Gaya mata shara na yi."

Ya gaya mata. Ta sake tambaya. Ya maimaita. Ta juya baya tana gyara takardu, kafaɗunta na rawa. Ilham ma daga kwance ta ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, kunya da hamdala sun haɗe mini.

Abin da na koya da furfurata: in ɗanka ya ce ruwan ke nan, to ruwan ke nan. Dajin Allah kuma bai ɗauke ni aikatau ba, Mai shi Ya san yadda Yake son kayanSa.